Sandar Awon Gathogo

Duk tudun nan namu na Mukurweini, daga rumfar da ake auna ganyen shayi har gangaren kogi, babu wanda Allah Ya yi wa baiwar sanin yawan abu kamar Gathogo. Mu sauran jama'a da "ɗan kaɗan" da "da dama" da "ya isa haka" muke rayuwa. Shi kuwa bai taɓa yarda da waɗannan kalmomi na jahilai ba. In aka kwana ana ruwa muka ce jiya an sha ruwa, sai ya dube mu da tausayi, ya gaya mana ko nawa aka sha. Ya san tsawon wa'azin fasto. Ya san nauyin saniyar maƙwabcinsa fiye da mai ita. Ya san ranar da matarsa Nyokabi ta ƙara rabin cokalin sukari a shayi, kuma bai ɓoye mata cewa ya sani ba.

Ba a banza ya samu wannan ilimi ba. Aikin gwamnati ya yi a birni, a ofishin masu duba sikelin 'yan kasuwa, har ya yi ritaya. Masu baƙin ciki na cewa aikinsa a can bai wuce ɗaukar akwatin duwatsun awo yana bin mai dubawar a baya ba. Ni dai sa'ansa ne, rana ɗaya aka yi mana kaciya, ba zan biye wa 'yan hassada ba. Ko da ɗaukar akwatin ya yi, wa ya ce ilimi ba ya ratsa katako ya shiga ta kafaɗa? Ya dawo gida da farar rigar ma'aikata mai aljihu uku, da tabarau, da wata sandar tagulla mai zane-zane wadda yake ajiyewa cikin kube kamar takobi. Mu muka sa masa Sarkin Awo, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu, bai ji dariyar da ke ciki ba.

Abu ɗaya ne ke ci masa rai. Yakan faɗe shi a kantin Waigwa, inda muke taruwa shan shayi da hantsi.

"Ku duba fa," yakan ce, "duk ma'aunin da ke duniya sunan wani Bature ne a kansa. Na wutar lantarki, na zafi, na ƙarfin inji. Mu ba mu haifi masu kai ba ne? To ku rubuta ku ajiye. Wata rana a ƙasar nan za a shiga kanti a nemi abu da sunana."

Mukan ce Allah Ya nuna mana, mu ci gaba da hura shayinmu.

Ana nan sai ɗansa Karuga ya ga yarinya a tsallaken kogi, sunanta Wangechi. Karuga mutum ne mai sanyin hali, direban motar ɗaukar madara, kuma tun da ya gan ta ya daina sayen ko da lemo yana tara awakin sadaki. Yarinyar ta yarda, uwarta ta yarda. Saura baffanta, tsoho Ndirangu, wanda shi ke magana da yawun danginsu. Shi kuwa Ndirangu ba ya buɗe baki a zancen aure sai giyar muratina ta jiƙa maƙogwaron kowane dattijon da ke zaune. Kowa ya san ya taɓa sallamar wasu masu neman aure da rana tsaka, da su da awakinsu, don giyarsu ta ƙare kafin ƙahon shan giya ya zagayo kansa. Wani daban ne ya auri waccan yarinyar. Saboda haka duk wanda ya san Ndirangu ya san auren Karuga yana ga giyar da ubansa zai kai.

Yadda iyayenmu ke yin ta ba wani abin wahala ba ne. Zuma, ruwan rake, sai soson muratina, wato 'ya'yan itacen nan dogaye da ake tsagawa a dafa a shanya har su koma kamar soson wanka. A jefa 'yan ƙwarori cikin tulu, a ajiye kusa da murhu, a ƙyale ta ta yi ta tsaki har ta nuna. Ranar zuwa wurin surukai a ɗura a manyan goruna a ɗauka. Ba wanda ya taɓa tambayar ko lita nawa ce. In dattawa suka fara waƙar da suka manta rabinta, an san ta isa.

Gathogo ya ce wannan zamanin duhu ne, kuma a gidansa ya ƙare.

"Gora!" in ji shi. "Gora fa! Abin da babu biyu masu girma ɗaya a duk duniya! Ni zan shiga gidan surukai da abin da ban san cikinsa ba? Ɗana ɗan ma'aikaci ne. Giyar aurensa a duro za a yi ta, a auna ta a kimiyyance, a ɗura ta a kwalba. Kowane dattijo da tasa, cike har wuya. Tarihi zai tuna da wannan tudu."

Ya sayo shuɗin duro na roba, wanda ya kai masa ƙirji. Ya sayo zuma ta gaske daga gindin dutse, wadda ko a bikin 'yar shugaban coci ba mu ga irinta ba. Sannan ya shiga neman soso. Wani ya gaya masa cewa akwai attajirin da ya sa soso ashirin a giyar bikin ɗansa, daga ranar barci ya ƙaurace masa. Ya bi tudun gida-gida da farar rigarsa yana aro. Ba wanda ya hana shi, don mun san soson da ya kwanta cikin zuma mai kyau da ƙarfinsa yake dawowa gida. Ni ma na ba shi nawa na gado. Kafin mako ya zagayo, duk wani soso da ke tsakanin kogi da titi yana cikin duron Gathogo, an jera su an danna har sun kusa baki.

Da aka fara zuba ruwa sai sosunan suka taso sama suna leƙe. Wannan ya ɓata wa Sarkin Awo rai ƙwarai, don a cewarsa ba a karanta awo a kan ruwan da ba shi da ladabi. Ya sa aka cicciɓo dutsen niƙan da Nyokabi ta gada wurin uwarta, aka wanke, aka danne su da shi. Suka bulluƙo ta gefe. Ya sa aka ƙara wani dutsen.

Nyokabi 'yar ƙungiyar matan coci ce, ba ta taɓa giya, ba ta ma kallon inda take. Daga ƙofar ɗakin girki ta ce, "Baban Karuga, ni dai dutsena ya dawo mini ba ya wari." Iyakar abin da ta sa baki ke nan.

Kawunnan Karuga suka yi ta kawo ruwan rake kamar yadda aka saba, wani a jarka, wani a tukunya, wani a butar shayi. Na ga ana ta tuttulawa ba lissafi, abin ya ba ni mamaki, na ce, "Sarkin Awo, yau ba za a auna ba?"

Ya sauke tabarau zuwa kan hanci ya dube ni ta samansa. "A auna da me? Da jarkar da ba ta da hatimi? Kai dai sa'ana, kaciya kawai muka yi tare, ba karatu ba. Gwani ba ya wahalar da kansa da abin da ya shiga. Abin da ke ciki ake aunawa, kuma sanda ce ke faɗa."

Duron kuwa nan da nan ya cika, har jarka biyu ta yi saura. Ya mayar wa masu ita da fara'a, yana cewa a hannun wanda ya iya, abu kaɗan ma albarka yake yi. Muka gyaɗa kai. Mu da ba mu taɓa auna komai ba, ina muka ga bakin musu?

Ranar da giya ta nuna, ya aika aka kira mu shaida. Ya sa an share tsakar gida, an kulle kaji, an ɗaure kare a bayan gida don kada haushinsa ya girgiza ruwan. Ya fito cikin farar riga da aka yi wa guga. Ya zare sandar daga kube a hankali, ya goge ta da farin ƙyalle, ya nemi wata 'yar kafa tsakanin sosuna da jikin duro, ya zura ta har ta taɓa ƙasa. Ya ce kowa ya riƙe numfashinsa. Tsoho Waigwa mai kanti ya yi tari, aka sake daga farko.

Ya zaro sanda, ya ɗaga ta daidai ido, ya rufe ido ɗaya. Ya maimaita har sau uku. Sannan ya juyo ya fuskance mu kamar mai sanar da sakamakon zaɓe.

"Jama'a, lita ɗari da tamanin." Ya dakata. "Da rabi."

Wallahi rabin nan ne ya gama da mu. Wanda ya san har rabi, wa zai yi masa gardama? Muka tafa. Karuga ya sauke ajiyar zuciya, fuskarsa ta washe, na ji daɗi har raina don ina ƙaunar yaron.

A ranar Gathogo ya aika wa Ndirangu cewa ya gayyato duk dattijon da ke danginsu, na kusa da na nesa, kowa zai koma gida da labari. Ndirangu ya aiko a gaya masa danginsu fa suna da yawa. Gathogo ya ce a koma a ce masa in akwai waɗanda suka yi ƙaura zuwa bakin teku, su ma a kira su. Sannan ya shiga birni ya sayo fararen kwalabe garau, akwati-akwati, ya je wurin mai hoto ya tsaya tsaye da farar riga da sanda a hannu. Aka buga hoton dogo, aka manna a jikin kowace kwalba, takalminsa a gindi, kansa a wuya. Ya ce haka dattawa za su san cewa giya ta kai inda hankali yake.

Aka wayi gari ranar ɗuri, gobe ke nan za a je wurin surukai. Mu masu soso muka hallara da kwanoni, kowa ya zo karɓar nasa. Kafin a taɓa komai Sarkin Awo ya kafa doka.

"Kada wanda ya matse mini soso a duro. Matsa ita ke gurɓata giya. Kwalabena garau suke, ba zan tsaya cikin ruwan kwata ba."

Bai ma sha wahalar faɗa ba, don mu dama ba ma matsewa. Abin da soso ya sha, shi ne irin giyar gaba.

Aka ɗaga dutse na farko. Ruwa ya ɗan sunkuya. Aka ɗaga na biyu, ya ƙara sunkuyawa. Gathogo ya ce wannan ba komai ba ne, a kimiyyance ana kiransa zaman ruwa. Aka fara zaro sosuna. Kowanne ya fito a kumbure, ya yi nauyi kamar jariri, yana ɗigar zuma, mai shi ya tara kwano ya karɓe. Aka yi ta zarowa. Tun mai zarowar yana tsaye, har ya sunkuya, har sai da ya tura kai da kafaɗu cikin duron, muryarsa na fitowa kamar daga rijiya yana tambaya ko wannan na waye. Da soso na ƙarshe ya fita, muka matso muka leƙa. Can ƙasa muka hango giyar, kyakkyawa, ruwan zinariya, tana ƙyalli. Ko akuya ta faɗa ciki ba za ta jiƙa cikinta ba.

Gathogo ya zare sanda ya zura. Ya zaro, ya duba, ya goge tabarau, ya sake zurawa. Ya juya ta ya zura ta ɗaya kan. Ya zagaya duron yana shafa gindinsa ko akwai huda. Ya dubi kare. Ya dube mu, mu da kwanoninmu, amma dokar da ya kafa da bakinsa ta hana shi cewa a matse sosunan a mayar. Waigwa ya tuna ya bar kanti a buɗe. Wani ya tuna saniyarsa ba ta sha ruwa ba. Cikin ɗan lokaci giyar auren Karuga ta watse cikin tudu a kan kawunan mutane, an rufe ta da ganyen ayaba.

Ni na tsaya, don na ga idon Karuga ya kawo ruwa.

"Baba," in ji shi, "don Allah mu zuba ta a gora ɗaya kamar yadda kaka yake yi. Gora cike ba abin kunya ba ne. Mu ce ta buɗe baki ce, sauran na tafe. Ko kuma mu cika kwalba kaɗan mu ba manyansu."

Shawara ce mai kyau, kuma da wani ne ubansa da an wuce wurin. Amma Gathogo ya dubi akwatunan kwalabe, ya ga kansa tsaye sahu-sahu cikin farar riga, ya ji ba zai iya barin ko ɗaya a gida ba.

"Na ce kowane dattijo da kwalbarsa, kuma ban taɓa faɗin magana ta faɗi ƙasa ba. Abin da ya fi yawa daraja shi ne adalci. Za a raba daidai wa daida. Kawo mazurari."

Ya yini yana rabo da ɗan kofin shan magani. Gaskiya ban taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba. Ya jera kwalaben a kan tebur, ya ja zare daga wannan kai zuwa wancan, babu wadda ta fi wata ko da ɗigo. A kowace kwalba giyar ta haye takalmin Gathogo, ta haye ƙwaurinsa, ta tsaya cak a gwiwa.

Washegari muka haye kogi da awaki a gaba, akwatuna a baya. Ndirangu bai yi wasa da gayyata ba. Dattawa sun cika inuwar bishiya sun malala har cikin gonar masara, ciki har da wasu biyu da suka kwana a mota daga bakin teku. Kowa na riƙe da ƙahonsa na shan giya, wanda a al'ada ba a ajiye shi ƙasa sai an shanye abin da ke ciki. An gasa nama, ƙamshi ya cika wuri. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana miƙa kwalba.

Gathogo ya miƙe ya gyara riga.

"Surukaina, abin da ke hannunku ba giya ba ce kawai, ci gaba ne. A da, na kusa da gora ya sha ya ƙoshi, na nesa ya lashi baki. Yau kuwa babba da ƙarami, ba wanda aka zalunta. Duk mai shakka, ga sanda."

Ba wanda ya nemi sanda. Ndirangu ya ɗaga kwalbarsa ya saita ta da rana, ya daɗe yana kallo. Ya cire murfi ya juye ta cikin ƙaho, ya jira ɗigon ƙarshe ya sauka. Ya kurɓa, ya fesa a ƙirjinsa don sa albarka kamar yadda ake yi kafin a fara sha. Ya sake kai ƙaho baki, ya leƙa ciki, ya kife shi a ƙasa. Duk inuwar ta ɗauki ƙarar ajiye ƙahoni. Karuga ya sunkuyar da kai, ni kuma na fara tunanin ta inda za mu kora awaki mu koma.

"Suruki," in ji Ndirangu, "giyarka ta yi daɗi, ƙirjina ya shaida. Kuma na ga kai mutum ne mai son a yi komai bisa awo. Ba za mu ba ka kunya ba." Ya juya wajen mata. "Ku fito da yarinyar."

A wurinmu akan fito da 'yan mata lulluɓe da zannuwa, ango ya nuna tasa, sannan a yaye mata lulluɓi a yi guɗa. Wangechi kaɗai aka fito da ita, an naɗe ta tun daga ka. Ndirangu ya sa gwaggonta ta ɗage zanin a hankali. Ƙafa ta bayyana, ƙwauri ya bayyana.

"Tsaya nan," in ji shi. "Karuga ɗana, ka gane gwiwar?"

"Na gane, Baba."

"To madalla. Iyakar abin da giyar ubanka ta buɗe ke nan. Ran da sauran giyar ta iso, sauran yarinyar na nan. A mayar da ita ɗaki."

Dariyar da aka yi a inuwar nan har tsallaken kogi an ji ta. Daga cikin zanin ma ana jin kafaɗun amarya na girgiza. Karuga kuwa hawaye yake yana dariya, don ya gane ba kora ba ce, an dai ɗage. Gathogo kaɗai bai yi dariya ba. Ya tsaya yana bayyana wa wani kurman tsoho cewa awon farko daidai yake, duron ne bai cika sharuɗɗa ba.

Sauran giyar ta iso bayan 'yan makonni. Mu maƙwabta muka yi ta, kowa a tulunsa, da sosunan nan da suka ƙoshi da zumar Gathogo, kuma tun da nake ban taɓa shan mai ƙarfinta ba. A goruna muka kai, ba wanda ya san ko lita nawa ce. Dattawa suka yi waƙar da suka manta rabinta, aka yaye wa Wangechi lulluɓi har ka.

Kwalaben kuwa ba su yi asara ba, don mutanenmu ba sa yar da kwalba mai murfi. Suna nan a kowane gida, tsallake da nan, ana sayen kananzir da man girki a ciki. Kuma da yake hoton na jiki, sai ya zama da sauƙin kwatance. Ranar nan muna zaune a kantin Waigwa, Sarkin Awo na tsakiyar bayani a kan nauyin iska, sai ga wata mata ta shigo a gaggauce ta dire kwalba a kan kanta, ko kallonmu ba ta yi ba.

"Waigwa, yau ba ni da hali," in ji ta. "Zuba mini Gathogo ɗaya."

Waigwa ya ɗauki mazurari ya zuba mata iya gwiwa.